Abin da idon kwastan ba ya gani



A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani titi da ake kira Canal. Ya ratsa ƙasan tsibirin Manhattan ne daga gabas zuwa yamma, tun daga bakin gadar Manhattan har mashigar hanyar ƙarƙashin ruwa ta Holland wadda ke ɓullewa jihar New Jersey. Unguwar Sinawa na jingine da shi, haka ma tsohuwar unguwar Italiyawa. Duk Bahaushen da ya zauna a New York, ko a Bronx ko a Harlem, ya san titin nan, domin can ake kai baƙo ya yi tsarabar da ba za ta karya masa aljihu ba. A bakin hanya 'yan'uwanmu ne 'yan Afirka ta Yamma, galibi daga Senegal da maƙwabtanta, sun shimfiɗa zannuwa sun baza jakunkunan mata da agoguna da tabarau. Titin ya yi ƙaurin suna wajen kayan jabu, kuma shekara da shekaru hukumomin Amurka na fama da lamarin, tun daga tashar jiragen ruwa ta Newark inda kwantenoni ke sauka har zuwa kan titin kansa.

To amma ba jaka ce ta tara mu yau ba. Ku ɗaga kai ku dubi shagunan da ke bayan masu shimfiɗar nan. Ga kifi a kan ƙanƙara, ga buhunan shinkafa an jera, ga taliyar shinkafa a leda, ga kwalaben man girki da madarar waken suya. Ga kuma awara fara sol tana jiƙe a ruwa, irin dai wadda matan Kano da Zariya ke soyawa da yamma, don su ma Sinawa cimarsu ce tun kaka da kakanni. Wasu kayan a nan Amurka aka yi su, wasu kuwa sun ƙetaro teku sun biyo ta hannun kwastan. Jakar jabu dai, jami'in da ya san aikinsa zai juya ta, ya dubi ɗinki da zif da tambari, ya ce wannan ba ta gaske ba ce. Awarar nan fa? Ko ya wuni yana kallonta, ko ya sansana, ko ya ɗanɗana, ba zai iya gaya maka ko waken da aka yi ta da shi na gargajiya ne ko wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta ba. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan sha'ani ido bai san komai ba.

Irin da ake magana a kai, wanda 'yan jarida ke kira GMO, iri ne da masana suka dasa wa wata ƙwayar gado a ɗakin bincike, sau da yawa daga wata halitta dabam, domin ya sami ƙarfin da ba shi da shi a da. Wani ya kashe tsutsar da ta ci shi, wani ya jure maganin ciyawa. An fara nomansa gadan-gadan a 1996. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na gonakin masara da waken suya da auduga a Amurka irin nan aka shuka, kuma Brazil da Ajantina ma sun rungume shi hannu bibbiyu. Waɗannan ƙasashe uku suna sahun gaba wajen fitar da masara da waken suya zuwa kasuwannin duniya, saboda haka duk inda babban jirgin ruwa ya sauke hatsi, akwai kyakkyawan zaton irin nan na ciki.

Shin me kwastan na Amurka ke nema idan abinci ya iso iyakarsu? Wanda ya taɓa sauka a filin jirgin sama na JFK daga gida ya san amsar. Kana tsaye kana jiran akwatinka, sai ga jami'i riƙe da wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa yana bin kaya yana sansanawa. Ya zo kan jakar Hajiya sai ya zauna. Shi ke nan, an gane. A kai ta gefe, jami'i ya sa safar hannu ya zuge jaka, ya fara fito da ƙulle-ƙulle ɗaya bayan ɗaya. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa galibi a duba a mayar mata. Kilishi da dambun nama kuwa sun tafi ke nan, don ana tsoron cututtukan dabbobi. Idan da shinkafa a kayan ita ma ba za ta shiga ba, domin tun 2011 Amurka ta hana fasinja shigo da shinkafa daga jerin ƙasashen da ke da wani ƙwaron rumbu mai suna khapra, kuma Najeriya da Nijar na cikin jerin. Busasshiyar tarwaɗa daga Najeriya ma an rufe mata ƙofa tun 2018. In Hajiya ta bayyana kayanta tun farko, asarar kayan kawai za ta yi. In ta ɓoye, ga asara ga tarar ɗaruruwan daloli.

Ku dubi takardar da ake cikewa. Ana tambayar nama, ana tambayar 'ya'yan itace da tsirrai da iri, ana tambayar dodon koɗi, har ana tambaya ko ka taka gona kafin ka taso. Babu layi ko ɗaya da ya tambayi ko abincinka na GMO ne. Ba mantuwa aka yi ba, manufa ce. Tun daga tsarin da gwamnatin Amurka ta shimfiɗa a 1986, da matsayar da hukumar abinci da magunguna ta FDA ta fitar a 1992, ƙasar ta zaɓi ta auna abinci da abin da ke cikinsa, ba da hanyar da aka bi aka samar da irinsa ba. A wurinsu ƙwaro da cuta su ne abokan gaba a bakin iyaka.

Sai a 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta ce a riƙa bayyana wa mai saye in abinci na GMO ne, kuma ba ta zama tilas ba sai ranar 1 ga Janairun 2022. Dokar ta hau kan masu shigo da kaya daga waje kamar yadda ta hau kan masana'antun cikin gida. Ana iya bayyanawa da rubutu, ko da wani ɗan tambari mai da'ira, ko da lambar da ake ɗauka da waya. Sai dai ƙa'idojin da aka fitar a 2018 sun bar ƙofofi a buɗe. Gidajen cin abinci ba su ciki. Ƙananan masana'antu ba su ciki. Man girki da sukarin da aka tace har alamar ta ɓace an ɗauke musu tilas. In kuma irin ya shiga kaya bisa kuskure bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, an yafe. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, dokar ba ta ba ma'aikatar gona ikon cin tara ko janye kaya daga kasuwa ba, iyakarta ta binciki takardu ta bayyana abin da ta gano. Saboda haka wanda ya sayi awarar da aka ɗebo masa daga bokiti a ɗakin cin abinci a Titin Canal, ya ci ne kawai a kan amana.

Yanzu ku ɗauki taliyar shinkafar nan da na ambata, ku ji yadda abu ɗaya ke canza hukunci idan ya canza iyaka. A 2006 ƙungiyoyin kare muhalli na Greenpeace da Friends of the Earth suka sayi kayan shinkafar ƙasar Sin a shaguna a Birtaniya da Faransa da Jamus, aka gwada, sai aka tarar da alamar wata shinkafa da ake kira Bt63, wadda babu ƙasar da ta ba da izinin sayar da ita. A 2008 Tarayyar Turai ta ce kayan shinkafar Sin ba za su shiga ba sai da takardar gwaji, a 2011 kuma ta ƙara ɗaure igiyar har ya zama ana ɗiban samfuri daga kowane kaya a tashar shiga. Can kuwa a Amurka, a Janairun 2018 hukumar FDA ta kammala duba shinkafar Huahui 1 ta Jami'ar Aikin Gona ta Huazhong da ke Wuhan, wadda daga cikinta aka samo Bt63, ta ce ba ta da sauran tambaya kan lafiyar cinta. Ita kanta ƙasar Sin ta ba shinkafar takardar shaidar aminci tun 2009, amma ba ta bar manomanta su noma ta don kasuwa ba. Shinkafa ɗaya ce, Turai ta tare ta a ƙofa, Amurka ta ce ba ta ga aibu ba, uwar gidan kuma ta kulle ta a ɗaki.

Dalilin wannan ruɗani yana cikin takardun aikin kwastan kansu. Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels tana da kundin lambobi da kusan kowace ƙasa ke amfani da shi wajen tantance kaya da yanke kuɗin fito. Masara lambarta 1005. Waken da muke ƙosai da alala da shi lambarsa 0713.35. Lambar na iya gaya wa jami'i wane hatsi ne, amma ba ta bambanta na gargajiya da wanda aka sauya. In dai da lamba kawai zai yi aiki, duk masarar duniya a wurinsa ɗaya ce.

Don cike wannan giɓi ne aka ƙulla Yarjejeniyar Cartagena a birnin Montreal cikin Janairun 2000, ta fara aiki ranar 11 ga Satumbar 2003. Ƙasashe fiye da 170 ne a cikinta, har da Najeriya da Nijar da Ghana. Amurka ba ta ciki, Ajantina da Kanada ma ba su tabbatar da ita ba, wato wasu daga cikin manyan masu sayarwa ke nan suna waje. Yarjejeniyar ta raba kaya gida biyu, kuma ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan rabon, domin za mu buƙace shi idan mun iso gida. Idan iri ne da za a shuka, wajibi ne a sanar da ƙasar da za a kai wa, a jira amincewarta kafin kayan farko ya tashi. Idan kuwa hatsi ne na ci, ko na dabbobi, ko na masana'anta, sharaɗin ya fi sauƙi, takardun kaya ne za su nuna cewa akwai irin a ciki, ko kuma mai yiwuwa akwai shi. Turai ta ɗora nata a kai tun 2003. In irin da ta amince da shi ya wuce kashi 0.9 cikin 100 sai an rubuta a jikin kaya, wanda ba ta amince da shi ba kuwa ba ta son ko ɓurɓushinsa a abincin mutane.

Kada wani ya ɗauka ƙananan ƙasashe kaɗai wannan wuta ke ƙonawa. A 2006 aka gano wata shinkafar gwaji ta kamfanin Bayer mai suna LL601 ta gauraya da shinkafar kasuwa a kudancin Amurka. Japan da Turai suka ja baya, farashi ya faɗi, daga ƙarshe a 2011 kamfanin ya amince ya biya manoma dala miliyan 750. Daga Nuwambar 2013 kuma jami'an tashoshin ƙasar Sin suka fara juyar da jiragen masarar Amurka saboda alamar wani iri na kamfanin Syngenta, MIR162, wanda Sin ba ta riga ta amince da shi ba. Fiye da tan miliyan 1 aka ƙi karɓa, kuma shari'ar ta ƙare da sulhun kusan dala biliyan 1 da rabi. Manoman da suka kwana ciki, da yawansu ba su taɓa shuka irin ba. Hatsinsu ya haɗu da na wasu ne a rumbun tara kaya, a taragon jirgin ƙasa, a cikin jirgin ruwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta zo daidai.

A nahiyarmu an ga wani salon. A 2002 fari ya jefa kudancin Afirka cikin yunwa, aka kawo masarar agaji daga Amurka. Shugaban Zambiya na lokacin, Levy Mwanawasa, ya ƙi karɓa, har ya kira ta guba. Zimbabwe da Malawi da Mozambik kuwa suka nemi a niƙa ta kafin a raba. An sha sukar Mwanawasa, kuma ni ma ban ga hikimar hana mai jin yunwa abincin da miliyoyin mutane ke ci a wata ƙasa ba. Amma masu cewa a niƙa sun fahimci wani abu game da manomin Afirka wanda masu rubuta yarjejeniya a Montreal ba su ba shi haƙƙinsa ba. A wurinmu abin da ake ci shi ake shukawa.

Wannan ya kawo mu gida. A Afrilun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NBMA mai kula da amincin irin waɗannan halittu, kuma dokar ta ce ba a shigo da su, ba a fitar da su, sai da izininta, sannan a riƙa sa musu alama. A ƙarshen 2017 aka tsare wata masara da aka kawo daga Ajantina a tashar Apapa ta Legas don ba ta da wannan izini. An yi aiki a nan, kuma ya kamata a yaba. Sai dai Apapa ƙofa ce mai ƙyaure, kaya na zuwa a jirgi da takardu da sunan mai shi. Tamu damuwar a arewa ta bambanta, domin yanzu mun tashi daga masu karɓa kawai, mun zama masu nomawa.

A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna aiki tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostareliya, har suka samar da waken da ake kira SAMPEA 20-T. An dasa masa wata ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa, domin ya kare kansa daga tsutsar nan da ke cin fure tana huda kwanson wake, wadda a mummunar shekara kan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Hukumar NBMA ta amince da shi a Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disambar shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Masu binciken sun ce manomin da ke feshi sau 6 zuwa 8 a damina zai iya komawa sau 2. Duk wanda ya taɓa goya tankin feshi a bayansa cikin rana, ba safar hannu ba abin rufe hanci, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A Janairun 2024 kuma aka saki masarar TELA iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, su ma daga Samaru, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Rabiu Adamu. Ghana ta bi sahu da nata waken, Songotra-T, a 2024.

Yanzu ku bi waken nan da ido. Manomi ya roro, ya sheƙe, ya kai tiya goma kasuwar ƙauye. Ɗan kamasho ya saya ya juye a kan na wani manomi, ya haɗa da na uku da na huɗu har buhu ya cika, a ɗinke baki, a rubuta sunan Alhaji da shuɗin alli ko fenti, a loda a mota sai Dawanau. A Dawanau ana ware wake da girman ƙwaya, da fari ko ja, da sabo ko tsoho, da ko ƙwari sun taɓa shi. Babu dillalin da ke da hanyar sanin wane buhu ne ke da SAMPEA 20-T a ciki, kuma ba laifinsa ba ne, don ba a ba shi abin da zai gane ba. Daga nan kaya su watsu, wasu kudu, wasu Jibiya, wasu Illela, wasu Maigatari, wasu Kongolom. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar ta biyu, kuma duk da yawancin waken daga Nijar yake gangarowa, iri mai kyau ba ya jiran biza. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kusan kilomita 1,500, mutanen gefe da gefe 'yan uwa ɗaya ne, surukan juna ne. Manomin Ɗan Isa ko Madarunfa ya zo biki Jibiya, ɗan'uwansa ya ce, "Yaya, ga wani wake da tsutsa ba ta ci, tafi da tiya guda ka gwada." Ya ƙulle a leda ya sa a aljihun babur. Wake kuwa tsiro ne mai yi wa kansa barbara, saboda haka abin da aka girbe in an sake shukawa zai fito da halinsa.

A takarda, tiyar nan iri ce da ta ƙetare iyakar ƙasa don a shuka, wato tana cikin rukunin da Yarjejeniyar Cartagena ta fi tsanantawa. Izinin da hukumar Najeriya ta bayar izini ne na Najeriya, ba ya aiki a Maraɗi ko Damagaram. A aikace kuwa kyauta ce tsakanin 'yan'uwa, kuma jami'in kwastan na Jibiya da ɗan duwan na ɗaya ɓangaren hankalinsu na kan fetur da shinkafa da makamai. Ko sun kwance ledar, wake kawai za su gani.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tunda ba guba ba ce? Bari in faɗi matsayina a fili. Ban ga hujjar da ta nuna cewa waken Samaru ko masarar TELA na sa rashin haihuwa ko ciwon daji ba, kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp. Babbar cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta tattara binciken shekara 20 ta fitar da rahoto a 2016, ba ta sami shaidar cewa waɗannan amfanin gona sun fi na gargajiya haɗari ga lafiyar ɗan Adam ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ke kasuwannin duniya sun tsallake gwajin aminci. Tsoratar da talaka da ƙarya zalunci ne. Amma masu adawa irin su Nnimmo Bassey na ƙungiyar HOMEF suna da wata magana da ba a amsa ba, wato haƙƙin mai saye ya san abin da yake saye. Majalisar Wakilai ma a Mayun 2024 ta nemi a dakata a yi bincike. Doka ta ce a sa alama. A ina za a manna ta a jikin mudu? Dokar da aka tsara da kwalin kanti a zuciya ba za ta yi aiki a kasuwar da ake awo da kwano ba sai an sake tunani.

Ga kuma maganar aljihu, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mun riga mun ɗanɗana rufe ƙofa. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari na dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima, wato irin fiya-fiyar da wasu ke zuba wa wake a ajiya. Aka yi ta tsawaita haramcin shekara bayan shekara. Mutane ƙalilan ne suka zuba, ƙasa ɗungurungum ta biya, alhali ga buhun PICS mai ruɓi uku da aka gwada a Nijar da Najeriya yana kashe ƙwari ba da magani ba. A ce gobe mun gyara wannan, ƙofar Turai ta buɗe, sai kwantenar farko ta isa, a ɗebi samfuri a tarar da irin da ba su taɓa amincewa da shi ba. Mun koma gidan jiya ke nan. Sannan akwai kasuwar da muke ci yanzu saboda kayanmu na gargajiya ne. Indiya ba ta yarda a shigar mata da ƙwayar waken suya na GMO ba, shi ya sa 'yan kasuwarta ke zuwa saye a Togo da Benin da Najeriya. Wannan kasuwa a kan shaida take tsaye, ranar da shaidar ta yi rauni masu saye za su juya. Burkina Faso ma darasi ce. Ta fara noman audugar GMO a 2008, ta daina a 2016, ba don ta cutar da kowa ba, sai don zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya.

Shin ana iya ganewa kuwa? Ana iyawa, kuma hanyar farko ba ta da wuya. A ɗebi ƙwayoyi daga wurare dabam-dabam a buhu, a niƙa su gari, a zuba a ɗan kofi da ruwan gwaji a girgiza, sannan a tsoma wani ɗan siririn tsinken takarda. Kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro yake. Cikin 'yan mintoci layi ɗaya ya fito, babu. Layi biyu suka fito, akwai. Wannan na aiki a kan ɗanyen hatsi, kuma kowane tsinke irin da aka yi shi dominsa kaɗai yake ganewa. Abin da aka dafa ko aka sarrafa sai an kai ɗakin gwaje-gwaje an bi ƙwayar gadon da na'urar PCR, irin wadda jihohinmu da dama suka samu lokacin korona. Man da aka tace sosai kuwa sau da yawa ko na'urar ba ta samun komai, a nan takarda ce kaɗai shaida, kuma takarda ba ta da daraja sai an san ta biyo kayan tun daga gona.

Saboda haka ni a ganina aikin ba a shingen kan iyaka zai fara ba. Tare babur da ƙwace tiyar talaka ba zai haifar da komai ba sai sabuwar hanyar karɓar na goro. Zai fara ne daga kamfanonin iri da ke sayar da SAMPEA 20-T da TELA, su rubuta a jikin leda da Hausa, da boko da ajami, cewa wannan irin an sauya masa ƙwayar halitta, kuma malaman gona su faɗa wa manomi da baki. Sai ƙungiyoyin 'yan kasuwar Dawanau, su da suka san darajar amana a ciniki, su ware layi da kalar buhu ga kayan da za a fitar waje, tare da ɗan ɗakin gwaji a cikin kasuwar wanda mai fitar da kaya zai biya ya karɓi shaida. A manyan mashigai kuwa, inda tirela ke wucewa da ɗaruruwan buhuna, a ba jami'an kwastan da na hukumar killace amfanin gona tsinken gwaji da horo, a kuma tura musu jerin irin da aka amince da su a kowane ɓangare.

Abu na ƙarshe sai gwamnatocin biyu sun zauna. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai, tana nan, kuma irin wannan aiki aka kafa ta dominsa. Masana na Samaru da na cibiyar INRAN ta Nijar sun san juna, sun daɗe suna aiki a kan wake ɗaya da tsutsa ɗaya. A miƙa wa hukumomin Nijar cikakken bayanin waken nan su auna da kansu, su karɓa ko su ƙi da saninsu. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma hatsi na cikin kayan farko da zai ɗauka. Ya kamata a gama wannan zama, a amince da takarda ɗaya da jami'an ɓangarorin biyu za su iya karantawa, kafin a loda taragon farko.